Me ya haɗa hayaƙin taba da ciwon gaɓɓai?

Wane irin amosanin gaɓɓai ake nufi?

Wanda likitoci ke kira rumatoyid, ba ciwon gwiwar da tsufa ke kawowa ba. Yakan fara ne da yatsu da wuyan hannu, dama da hagu a lokaci guda. Mutum ya tashi da asuba yatsu sun sandare, butar alwala ma ta gagare shi riƙewa, sai an yi awa guda ko fiye kafin su saki. Garkuwar jikinsa ce ta juyo tana yaƙar gaɓɓansa.

To ina ruwan taba? Ba huhu take ci ba?

Ai daga huhun ake ganin abin ke somawa. Hayaƙi yana ƙara yawan wasu sinadarai da ake kira PAD, su kuma su taɓa furotin ɗin jiki, wani ɓangarensa mai suna arginin ya rikiɗe ya koma sitrulin. Sauyin ɗan ƙarami ne, amma a jikin wasu mutane ya isa garkuwa ta ɗauki ɗan gida a matsayin baƙo, ta ƙera makamai a kansa. Waɗannan makaman ne gwajin jini na anti-CCP ke ganowa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, jinin da aka adana a Suwidin da Holan ya nuna sukan zauna a jiki shekaru kafin yatsa ko ɗaya ya kumbura.

Amma ga wasu suna sha har tsufa, gaɓɓansu lafiya lau.

Nan gado ya shigo. Akwai wani nau'i na ƙwayar halitta HLA-DRB1 da ke sa garkuwa saurin ganin furotin mai sitrulin. A 2006, Lars Klareskog da abokan aikinsa na Cibiyar Karolinska a Suwidin sun nuna cewa mashayin da ya gaji wannan nau'in ta uwa da uba, haɗarinsa ya ninka kusan sau 21 a kan wanda ba ya sha kuma bai gada ba. Hakan ya shafi nau'in cutar mai anti-CCP ne. Gadon kuwa ba a fuska ake ganinsa ba.

Idan cutar ta riga ta kama, dainawa na da amfani?

Ƙwarai. Maganin methotrexate da allurai masu toshe TNF, wato sinadarin da ke rura kumburi a jiki, ba sa aiki a jikin mashaya yadda suke yi wa waɗanda ba sa sha, ga shi kuma rumatoyid da kansa yana iya taɓa huhu. Ga wanda bai kamu ba, haɗarin yana raguwa bayan dainawa, sai dai a hankali, yakan ɗauki shekaru masu yawa.

Taba ce kaɗai?

A'a. Ƙurar dutse ma tana ƙara haɗarin, irin wadda masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai ke shaƙa kullum. Idan ta haɗu da sigari, abin ya fi muni.