Yawan kumfa ba shi ne tsaftar gashi ba

An daɗe ana ɗauka cewa sabulun da ya fi yin kumfa shi ne ya fi wanke kai, har wasu mata kan sa sabulun wanki a gashinsu bayan sun tsefe kitso. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin kumfa iska ce kawai da ta shiga cikin ruwa, abin da ke fitar da datti kuwa shi ne sinadarin da ke kama maiƙo da ƙura ya tafi da su idan an ɗauraye.

Abin da ya fi damuna shi ne kaifin sabulun. A ma'aunin pH, wanda ke nuna tsami ko kaifin abu, na fatar kai kusan 5.5 ne, na sabulu kuwa yakan kai 9 ko 10, kuma wannan kaifi yana ɗaga ɓawon da ke lulluɓe da kowane silin gashi, sai gashin ya bushe, ya riƙa karyewa wurin tajewa. Idan ruwan yana da yawan kalsiyam, wato wani sinadari da kan narke a ruwa, sabulu yakan bar farin saura a kai, wanda ake zaton amosani ne. Shamfu kaɗan ya isa, a murza fatar kai da yatsu, a ɗauraye sosai.