Kare Bayananmu a Harabar Jami'a

Duk lokacin da aka buɗe rajistar sabon zango, shagunan kwamfuta da ke bakin ƙofar jami'a sukan cika maƙil, kuma a nan ne ɗalibai da dama suke rubuta lambar shigarsu da kalmar sirrinsu a guntuwar takarda, su miƙa wa mai shago, su wuce aji su bar shi ya cike musu fom. Har yamma takardar tana nan a kan tebur, kwamfutar kuma ta riga ta adana kalmar, don haka duk wanda ya zauna a kujerar daga baya zai iya shiga shafin ɗalibin, ya ga adireshinsa da bayanan iyayensa, ko ma ya sauya masa darussa. Idan amfani da kwamfutar haya ya zama dole, ɗalibi ya shigar da kalmar da hannunsa, ya ƙi yarda idan kwamfutar ta nemi adana ta, ya fita daga shafin kafin ya tashi, sannan ya tsaya a goge hotunan takardunsa a gabansa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ƙwace WhatsApp. Wani zai kira ka ya ce shi ne sakataren ƙungiyarku ko wakilin aji, wai akwai taro ta intanet, ka karanto masa lambobi shida da aka turo wayarka. Waɗannan lambobi su ne makullin asusunka, kuma da zarar ka faɗa masa, sai ya shiga bin abokanka da 'yan uwanka yana roƙon rance da sunanka. Maganin wannan shi ne a kunna tsarin tantancewa mai mataki biyu da ke cikin manhajar. Haka nan, tun da aka fara bayar da bashin karatu na NELFUND a 2024, ɗalibai sun saba da shigar da NIN da BVN a intanet, saboda haka a duba adireshin shafi da kyau kafin a rubuta su. Banki ba ya kiran mutum ya nemi lambar OTP (lambar amfani sau ɗaya da ake turo wa waya) ko lambar sirrin katinsa.

Mu ma'aikatan jami'a nauyin da ke kanmu ya fi yawa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Ma'aikacin asibitin jami'a da ya ɗauki hoton sakamakon gwajin wata ɗaliba ya tura wa zauren WhatsApp na abokan aiki ya ci amana, ko da niyyarsa neman shawara ce. Haka shi ma malamin da ya watsa jerin sakamakon jarrabawa mai ɗauke da sunaye da lambobin waya.

Wanda abin ya riga ya afka masa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya sauya kalmar sirri nan take, ya kira bankinsa a toshe katin, ya sanar da sashen fasahar sadarwa na jami'a, ya kuma nemi wani abokinsa ya gargaɗi 'yan zauren ajinsu kada kowa ya tura kuɗi da sunansa.