Gamayyar Cibiyoyin Jinyar Waɗanda Aka Azabtar (IRCT)

IRCT gamayya ce ta cibiyoyin da ke jinyar mutanen da suka sha azaba a hannun hukuma, ko a caji ofis, ko a gidan yari, ko a sansanin soja. Hedikwatarta tana birnin Kwafanhagan na ƙasar Denmak, tana kuma da cibiyoyi fiye da 150 a ƙasashe sama da 70. Kowace cibiya zaman kanta take yi, gamayyar kuwa horo take bayarwa, ta nemo tallafi, ta kai kukan majinyatan gaban Majalisar Ɗinkin Duniya.

Asalinta likitoci ne. A 1974 Dakta Inge Genefke, likitar jijiyoyi, ta haɗa wasu abokan aikinta suka kafa rukunin likitoci na farko a ƙarƙashin ƙungiyar Amnesty International. Suka fara duba 'yan gudun hijirar Chile da suka tsere bayan juyin mulkin 1973, da Girkawan da suka sha wuya a mulkin soja. Abin da suka gano shi ya zama tushen aikin gaba ɗaya: raunin jiki yakan warke, amma mutum ya shekara goma bai yi barcin kirki ba, yana firgita, yana gudun jama'a, har iyalinsa ma su kasa gane kansa. Mai azabtarwa mutuncin mutum yake nufin karyawa, don haka magani shi kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa, da mai gashin ƙashi, da lauya, wani lokaci har da sana'ar da zai riƙe kansa.

A 1982 aka buɗe RCT, cibiyar jinya da bincike kan waɗanda aka azabtar, a Kwafanhagan, wadda yanzu ake kira DIGNITY. Daga cikinta IRCT ta fito a 1985.

Aikin ya dogara da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa, wadda aka amince da ita a 1984, ta fara aiki ranar 26 ga Yuni 1987. Sashe na 14 ya wajabta wa gwamnati biyan diyya da jinyar wanda aka azabtar. Sai dai gwamnatoci kaɗan ne ke sauke wannan nauyi, shi ya sa cibiyoyi da yawa ke rayuwa da tallafin Tarayyar Turai da asusun tallafa wa waɗanda aka azabtar da Majalisar ta kafa a 1981.

Wani muhimmin makami shi ne Ƙa'idojin Istanbul na 1999, da aka sabunta a 2022. Suna nuna wa likita yadda zai rubuta tabon duka ko na ƙuna ta yadda kotu za ta karɓa a matsayin hujja, kuma IRCT ta horar da likitoci da lauyoyi a kansu a ƙasashe da dama.

Nijeriya ta shiga yarjejeniyar a 2001, ta kuma kafa dokar hana azabtarwa a 2017, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25. Ƙungiyar PRAWA, mai aikin kyautata rayuwar fursunoni, tana cikin cibiyoyin gamayyar a ƙasar.