Cocin Kilpeck

Cocin Kilpeck majami'a ce ta ɗariƙar Angilika da ke ƙauyen Kilpeck, a lardin Herefordshire na yammacin Ingila, kimanin kilomita 14 kudu maso yamma da birnin Hereford, daf da iyakar Wales. Cikakken sunanta Cocin Waliyyiya Maryamu da Waliyyi Dauda.  An gina ta wajajen 1140, a salon ginin Normandawa, mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Ƙaramar coci ce, amma sassaƙen dutsen da ke jikinta ya sa sunanta ya yi nisa, har masana tarihin gine-gine na sanya ta cikin cocin ƙauye na wannan zamani da suka fi tsira da kamanninsu na asali.

Tarihi

Kafin zuwan Normandawa, yankin yana cikin wata ƙaramar masarautar Wales mai suna Ergyng, wadda Turawan Ingila suka riƙa kira Archenfield. Kundin Llandaff, wanda aka harhaɗa a farkon ƙarni na 12, ya ambaci wata coci a Cilpedec da aka ce an bayar da ita kyauta ga bishop wajajen tsakiyar ƙarni na 7. Sai dai an rubuta kundin ne a lokacin da bishop na Llandaff, a Wales, ke jayayya da na Hereford kan wane ne ke da iko da cocin yankin, don haka masana na taka-tsantsan da shekarun da ke cikinsa. Hereford ce ta yi nasara. Sunan Kilpeck ana jin yana nufin ɗakin ibadar wani mai suna Pedic. A kusurwar arewa maso gabas ta babban ɗakin cocin akwai ɗan guntun gini da wasu ke ganin ragowar tsohuwar cocin ce.

Bayan mamayar 1066, ƙasar Kilpeck ta faɗa hannun William fitz Norman, kuma kundin ƙidayar Domesday na 1086 ya nuna shi ne mai ita. Gidansa ne ke kula wa sarki da dazuzzukan farauta na yankin, muƙamin da ke kawo dukiya. Su suka kafa ganuwar da kangonta ke kan tudu a yammacin cocin. Magajin William, Hugh na Kilpeck, shi ake danganta wa ginin cocin. Ya miƙa ta ga babban gidan 'yan zuhudu na Waliyyi Bitrus da ke Gloucester. Wasu majiyoyi sun ce a 1134 ne, wasu kuma 1143, kuma a kan wannan saɓani ne muhawarar shekarar ginin ta rataya. An kafa ƙaramin reshen 'yan zuhudun a kusa da ƙauyen, wanda aka rufe a 1428.

Kilpeck ta taɓa zama gari mai albarka. Sarki John ya sauka a ganuwarta fiye da sau ɗaya tsakanin 1211 da 1214, kuma a 1259 aka ba ta izinin cin kasuwar mako. Daga ƙarni na 14 al'amura suka ja baya: yunwa, sannan annobar da ta shafe jama'ar Turai a 1348 da 1349, ga kuma masu ganuwar da suka koma zama a wasu wurare. Kufan gidajen tsohon garin na nan a filin da ke gabas da cocin. Wannan koma-baya ne, a ganin masu nazari da yawa, ya ceci ginin, domin garin da ba shi da kuɗi ba ya rushe cocinsa ya sake ta bisa yayin zamani.

Da Sarki Henry na 8 ya raba gari da Fafaroma a 1534, cocin ta koma ƙarƙashin Cocin Ingila kamar sauran. An yi mata gyare-gyare a ƙarni na 19 da na 20.

Tsarin gini

Da jan dutsen yashi na yankin aka gina ta. Sassa uku ne a jere daga yamma zuwa gabas, kowane ya fi wanda ke gabas da shi girma: babban ɗakin jama'a, sai sashen limamai, sai wani lungu mai siffar rabin da'ira inda bagade yake. Lungun ya turo waje kamar mihrabin masallaci, sai dai ya fi shi faɗi sosai. Rufinsa na dutse ne, bakuna masu ado sun tashi daga bango sun haɗu a tsakiya kamar ɗaurin guga, kuma a mahaɗar an sassaƙa kawunan dabbobi huɗu. Babu hasumiya, wata 'yar rumfar ƙararrawa ce kawai a saman bangon yamma, ita ma aikin baya ne.

Sassaƙa

Ƙofar kudu ce abin da ya fi jan ido. A saman ƙofar, cikin rabin da'ira, an zana bishiya mai 'ya'ya kamar inabi, wadda ake fassarawa da Bishiyar Rai. Bakan da ya kewaye ta cike yake da tsuntsaye, kifaye, dodanni da wani mala'ika a tsakiya. A ginshiƙan gefe macizai ne suka nannaɗe, wasu na haɗiye wutsiyar wasu. A ginshiƙin hagu akwai mayaƙa biyu, ɗaya bisa ɗaya, da huluna masu tsini, sarƙafe cikin rassa. A kan na dama kuwa fuskar mutum ce da ganye ke fitowa daga bakinta.

A ƙarƙashin bakin rufi, duwatsun tokare masu sassaƙa sun zagaye ginin kaf. Ana cewa asali kusan 90 ne, 85 suka rage. Kaɗan ne a cikinsu ke da alaƙa ta kai-tsaye da addini, kamar Ɗan Ragon Allah, wanda ma ya fi kama da doki. Saura kuwa duniya ce da abin da ke cikinta: kare da zomo kafaɗa da kafaɗa, mai kaɗa wani abu kamar goge, mutum biyu riƙe da juna (kokawa ce ko rawa, ba a daddale ba), rago, da beyar da aka sa wa takunkumi. Wanda aka fi yawan magana a kansa shi ne siffar mace tsirara tana bayyana al'aurarta, irin wadda ake kira Sheela na gig. Wasu sun ce gargaɗi ne kan sha'awa, wasu kariya daga sharri, wasu alamar haihuwa.

A bangon yamma kawunan dodanni sun miƙo waje, baki buɗe, harshe a naɗe, abin da ake kwatantawa da sassaƙen katako na ƙasashen Sikandinabiya. A ciki kuma, bakan da ya raba ɗakin jama'a da na limamai na ɗauke da siffofin waliyyai uku-uku a kowane gefe, a tsaye bisa kan juna, ɗayansu riƙe da mabuɗi, alamar Bitrus.

Masassaƙan ba a san sunayensu ba. Masana na kiransu Makarantar Herefordshire, kuma ana ganin hannunsu a kwamin baftisma na Eardisley da Castle Frome, da ƙofofin Brinsop da Stretton Sugwas. Ana danganta salonsu da Oliver de Merlimond, wakilin gidan Mortimer, wanda ya yi ziyarar ibada zuwa Santiago de Compostela a Sifaniya ta hanyar yammacin Faransa, ya dawo ya gina coci a Shobdon. Ta Shobdon an rushe ta a tsakiyar ƙarni na 18, aka kafa bakunanta a kan tudu don ado, ruwa da iska suka cinye zanen. Na Kilpeck kuwa har yau kaifinsa bai dushe ba.

Kayan ciki

Akwai babban kwamin baftisma na zamanin Normandawa, da wani ƙaramin kaskon dutse na ruwan tsarki mai siffar ciki da hannaye biyu rungume da shi, wanda mai yiwuwa ya girmi cocin. A ƙarshen yamma akwai benen katako da aka ƙara daga baya.

A yau

Cocin na ƙarƙashin bishop na Hereford, ana ci gaba da ibada a cikinta, kuma tana cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen tarihi da dokar Ingila ta kare.