Ku daina yi wa bakin fadama feshin kan mai uwa da wabi

Sau uku ke nan cikin wata guda ina isa bakin fadama ina tarar da abu iri ɗaya. Gefen ruwa ya yi jawur kamar an bi shi da wuta, tun daga kunyar ƙarshe ta gona har inda ruwa ya kai gwiwa. Ga gorar maganin feshi an yar cikin laka, ga 'yan ƙananan karfasa sun juyo ciki sama. In na tambayi wanda ya yi aikin, amsar ba ta sauyawa: "Malam, kachala muke kashewa." To ina kachalar, doguwar ciyawar nan da ta mamaye ruwa? Tana can tsakiyar ruwa a tsaye, kore shar, ko a jikinta. Abin da ya mutu kajiji ne da burugu da bado, sai jemar da ke riƙe da gaɓar ruwa.

Na san abin da ke cin ranku. Mu da muke zirga-zirga tsakanin Haɗeja da Guri da Kirikasamma har zuwa Nguru, ba mai ba mu labarin kachala. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, duk a kan kogunan da ke kawo mana ruwa, ruwa ya daina zuwa da komawa yadda iyayenmu suka san shi. A da ambaliya kan zo da damina, ta janye da rani, ƙasa ta bushe har ta tsage. Yanzu akwai wuraren da ruwa ke kwance daga shekara zuwa shekara, kuma abin da kachala ke nema ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana kwale-kwale wucewa, ta zama ɗakin kwanan jan-baki, tsuntsayen nan masu cinye hatsi. Mutumin da ya ga gonar gadonsa ta koma dajin kachala yana da hakkin ya fusata, ni ma ina fusata tare da shi.

Amma don Allah, fushin nan a kan wa kuke sauke shi? Mutum ya goya injin feshi, ya tsaya a gaɓa, ya yi ta watsa magani iya inda hannunsa ya kai. Ina hannunsa ke kaiwa? Bakin ruwa ne kawai, inda ƙananan tsirrai suke. Uwar kachalar tana can cikin zurfi, saiwarta a binne cikin laka, kauri kamar rogo. Bayan mako biyu duk abin da ke bakin ruwa ya mutu, an bar laka tsirara, jiƙaƙƙiya, rana na dukanta. Kun san kan kachala, mai kama da zangarniyar gero, wanda in ya bushe yake fashewa iska ta kwashe shi kamar audugar rimi? Kowane kai ɗaya yana ɗauke da iri dubun dubata, kuma ba inda irin nan ya fi son sauka kamar laka tsirara. Wato da kuɗinku kuka sayi magani, da ƙarfinku kuka goya shi, kuka yi wa kachala sharar gona. Damina na zagayowa sai ku ga ta matso har inda a da ba ta isa ba, ku kuma ku sake sayen wata gorar. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawancin masu feshin nan ba su tsaya sun kalli abin da suke fesawa ba. Duk ciyawar da ta tsaya cikin ruwa sunanta kachala a wurinsu. Haba jama'a! Kakanninmu sun raɗa wa kowace suna, mu kuma mun haɗa su a buhu ɗaya.

Ku sunkuya ku taɓa, ba ya cin minti guda. Kachala tun tana ƙarama ganyenta a baje yake, doguwar falle ce kamar takobi, kuma ganyayen suna fitowa daga gindi ɗaya a jere kamar mafici. In ka yanke shi za ka ga cikinsa kamar soso. Kajiji kuwa ba shi da ganye a jikin karansa. Kara ne zagayayye, santsi, mai duhun kore, kamar ganyen albasa da ya yi tsawo ya kai ƙugu ko ƙirji. Kama shi tsakanin babban yatsa da manuni ka ja daga ƙasa zuwa sama, za ka ji gaɓa-gaɓa a ciki kamar matakan tsani, musamman in ya fara bushewa. In har yanzu kana shakka, tono gindin kaɗan, ka ɓare ɗan curin saiwar ka kai hanci. Ƙamshin da ka sani a ɗakin amarya, shi ne. Dangin aya-aya su kuma karansu kusurwa uku gare shi, ba ya mirginawa a tsakanin yatsu. Burugu kwanciya yake yi a kan ruwa, karansa mai kauri da laushi, yana fid da saiwa a gaɓoɓinsa, in ka tauna ka ji zaƙi. Bado ai ko yaro ya san shi.

A kan kajiji nake so in daɗe, domin shi ne na ga yana ƙaranci a wuraren da nake zagayawa. Ba ko'ina yake fitowa ba. Yana son inda ruwa bai yi zurfi ba, inda yake hawa da damina ya ja baya da rani ya bar ƙasa da danshi. Daidai wurin da kachala ke danno shi daga ciki, ku kuma kuna bin sa da feshi daga waje. Ina zai shiga?

Kwanakin baya wata dattijuwa ta tare ni a kasuwa, tana zaune gaban ɗan faifanta. Kajijin da ke kai bai fi tafi biyu ba. Ta ce, "Ɗana, kai ne malamin gona ko? Ka gaya wa mutanenku su ji tsoron Allah." Na ce, "Inna, me suka yi?" Ta ce tun tana budurwa a bayan garinsu take tonon kajiji, ta wanke, ta shanya, masu haɗa turaren wuta su saye, da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Bana ta je ta tarar da wurin ya ƙone da magani, ta tona ta samu saiwar ta ruɓe, tana wari. Yanzu sai ta biya kuɗin kwale-kwale ta tafi nesa. Ta ɗauki curi ɗaya ta sa mini a tafin hannu ta ce in shinshina. Ban sami abin ce mata ba. Wanda ya yi feshin nan na tabbata bai nufe ta da sharri ba, bai ma san da ita ba, kuma abin da nake faɗa da shi ke nan.

Ba ita kaɗai ba ce. Makiyayin da ke jiran rani ya kai shanunsa burugu, masuncin da ya san a cikin ciyawar bakin ruwa 'ya'yan tarwaɗa da karfasa ke ɓuya har su girma, gidan da ke cin bado idan hatsi ya ƙare kafin kaka, duk feshinka ya taɓa tukunyarsu. Har baƙin da ke zuwa mana daga nesa. Akwai tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a dausayin arewacin Turai da Rasha, in sanyi ya daskarar da ruwan can su keto Sahara su yi hunturu a dausayin Dagona da Baturiya da tafkin Nguru. Saboda irinsu ne aka sa tafkin Nguru da hanyar ruwan Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, na farko a Najeriya. A bakin ruwa suke kiwo, inda ƙafarsu ke taɓa laka, wato daidai inda kuke fesawa.

Sannan ku karanta jikin gorar, ko ku ba yaro ɗan makaranta ya karanta muku. An yi gargaɗi kada maganin ya shiga ruwa. Ruwan nan shi shanu ke sha, shi yara ke wanka a ciki, wasu ƙauyukan shi ake ɗiba a kai randa. Na ga mutum ya gama feshi ya tsoma injin cikin tafki yana ɗauraye shi, matarsa tana wanke-wanke taku goma daga wurin. Na yi masa magana ya ce ai ya saba. Sabo ba ya hana guba aiki, Malam.

"To me za mu yi da kachalar, mu zuba mata ido?" A'a. Kachala ta ganye take shaƙar iska ta kai wa saiwarta. In ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ruwa ya rufe kututturen, saiwar shaƙewa take yi. Wuta kuma ku bar ta, sama kawai take ci, saiwar na nan, toka ta zama mata taki. Ga abin yi a taƙaice:

A yanka da lauje ko adda a ƙasan ruwa, aƙalla taƙi guda, ba a saman ruwa ba.
A yi yankan lokacin da ta fara fid da kai, kafin ya bushe ya fashe.
In ta sake leƙowa a koma, sau biyu ko uku, kada a gaji a karon farko.
A kwashe abin da aka yanka a fitar gaɓa. Ana jinka da shi, ana saƙa tabarma, ana takin gargajiya, a Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi da shi.
A sa dogon takalmin roba saboda tsargiya.
Inda kuka ga kajiji ko burugu ko jema, a kewaye shi. Masu tonon kajiji ku ma ku riƙa barin wani a ƙasa.

Na sani aiki ne mai wuya, mutum ɗaya ba zai iya ba. Aikin gayya ne, kuma mun gaji gayya tun kafin a kawo injin feshi garin nan. Ku je wurin mai unguwa da sarkin ruwa a sa rana, manoma da masunta da makiyaya a fito tare, ni ma zan zo da laujena.

Wanda kuma ya ga wata ciyawa a bakin ruwansa bai gane ta ba, kada ya fesa mata komai tukuna. Ya tumɓuke guda ɗaya har da saiwarta, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya kawo mini ran kasuwa. In ni ban sani ba, akwai dattawan masunta a kusa da za mu tambaya.