Tambayoyi da amsoshi kan tallafin gyaran gida don rage shan makamashi a Amurka

Fiye da rabin makamashin da gidajen Amurka ke sha yana tafiya ne wajen dumama ɗakuna da sanyaya su. Wannan ya sa gwamnati da kamfanonin wuta suka daɗe suna taimaka wa mai gida da kuɗin gyara.

Ta wace hanya taimakon yake zuwa?

Hanya biyu ce, kuma duk wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai yi lissafin da ba zai fita ba. Ta farko ita ce ragin kuɗi: a rage maka farashi tun wurin saye, ko kamfanin wuta ko gwamnatin jiha su mayar maka da wani kaso bayan an gama aiki. Ta biyu ita ce rangwamen haraji. Nan kai za ka biya komai daga aljihunka, sai lokacin cike takardun haraji a shekara mai zuwa a cire wani abu daga harajin da ake bin ka.

A ce ka sa sababbin tagogi na dala 2,000. In rangwamen kashi 30 cikin ɗari ne, ya kama dala 600. To amma in harajin da ake bin ka a shekarar dala 400 ne kacal, 400 ɗin za a yafe maka, sauran 200 sun tafi ke nan. A ganina babban raunin tsarin ke nan, domin mai ƙaramin ƙarfi, wanda kuɗin wuta ya fi gallaba, shi ne ba shi da kuɗin farawa, kuma shi ne harajinsa bai kai ya cinye rangwamen ba.

Nawa aka riƙa samu a rangwamen gwamnatin tarayya?

Dokar rage hauhawar farashi da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ranar 16 ga Agusta 2022 ta tsayar da kashi 30 cikin ɗari, amma da iyaka. Gyaran jikin gida bai wuce dala 1,200 a shekara ba: tagogi 600, ƙofa ɗaya 250, ƙofofi gaba ɗaya 500, binciken inda gida ke asarar makamashi 150. Na'urar janyo zafi, wadda ke dumama gida lokacin sanyi ta sanyaya shi lokacin zafi, an ware mata nata dala 2,000 daban. Jimla 3,200 ke nan. Sola kuwa ba a sa mata iyaka ba, kuma an yarda a ɗauki abin da ya rage na rangwamenta zuwa shekara ta gaba.

Har yanzu ana bayarwa?

A'a. An tsara rangwamen ya kai 2032, amma dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta datse shi a 31 ga Disamba 2025. Wanda aka kammala masa aiki kafin wannan rana yana da hakkinsa, zai nema a fom mai lamba 5695 na hukumar haraji ta IRS. Ranar da aka kafa kayan ake dubawa. Wanda ya biya a Disamba aka zo aka kafa a Janairu, ya makara.

Ragin kuɗi fa?

Shi hanyarsa daban. Dokar 2022 ta ware dala biliyan 8.8, ta damƙa wa jihohi su raba, kuma New York ce ta fara a 2024. Shirye-shirye biyu ne; ɗaya yana kaiwa dala 14,000 ga gida guda, kowane abu kuma da tasa iyakar: 8,000 na na'urar janyo zafi, 4,000 na akwatin rarraba wuta, 2,500 na sabunta wayoyi, 1,600 na toshe kafofi da kayan tare zafi. Iyalin da samunsu bai kai kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin samun yankinsu ba ana iya biya musu duka, daga nan zuwa kashi 150 a biya rabi. Wannan ya fi adalci nesa ba kusa ba, tunda kuɗin yana sauka tun kafin mutum ya ci bashi. Sai dai kowace jiha da nata ƙa'idoji da lokacinta, saboda haka ofishin makamashi na jiha da kamfanin wutarka su ne wurin tambaya.

Ana iya cin gajiyar duka biyun a aiki ɗaya?

A aikin da aka kammala kafin ƙarshen 2025 ana iya, amma sai an cire ragin kafin a lissafa kashi 30 ɗin. Aikin dala 10,000 da aka rage maka 4,000, a kan 6,000 za a yi lissafi.

Da wane gyara ya kamata a fara?

Da binciken gida, ko da tallafi ko babu. Mai binciken zai rufe tagogi, ya ɗaura babbar fanka a bakin ƙofar shiga ta riƙa zuƙe iskar ciki. Nan take za ka ji sanyi yana kurɗaɗowa ta gefen taga, ta ramin soket, ta murfin silin. Ya ɗauko kyamarar gano zafi ya nuna maka bango, inda babu kayan tare zafi ya fito da launi daban. Mutane da yawa idonsu na kan sabuwar na'ura mai tsada, alhali dumama gida mai kafofi ɗiban ruwa ne da kwando. In aka toshe kafofin tukuna, ƙaramar na'ura ma ta isa, kuɗinta kuma ya fi sauƙi.

Me ke sa a hana mutum kuɗinsa?

Galibi takardu ne. Wasu shirye-shiryen sai an amince da buƙatarka kafin a fara aiki, wasu kuma sai ɗan kwangilar da ke cikin jerinsu. Tambarin Energy Star, shaidar cewa kaya ba sa shan makamashi da yawa, shi kaɗai ba kullum yake wadatarwa ba, a duba lambar samfurin tun kafin a biya. A ce wa ɗan kwangila ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki a rasit, domin a tagogi da ƙofofi kuɗin kaya kawai IRS ke lissafawa.