Takunkumi: a bakin wa ake ɗaura shi?

Tun ranar 30 ga Yulin 2023, da shugabannin ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, suka zauna a Abuja kan juyin mulkin Nijar, kalmar takunkumi ta ƙi barin bakin mutane. Ta ɗan lafa, da an taɓo zancen Mali da Burkina Faso da Nijar sai ta sake tasowa. Shekaranjiya ina teburin mai shayi a Unguwar Rogo, nan Jos, rediyo na kunne, sai na ji wani mai sharhi yana cewa wai ECOWAS ta "ƙaƙaba wa ƙasashen nan uku takunkumin kora". Takunkumin kora! Sai da na ajiye kofi.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san takunkumi tun bai san ECOWAS ba. Na kakana da igiyar kaba yake saƙa shi, kamar ɗan ƙaramin kwando, ya rataye a jikin rumbu. Da kaka, idan za a ɗauko dawa kuma hanya ta ratsa gonakin mutane, sai ya cusa bakin jakin a ciki ya ɗaure ta bayan kunnuwa. Jakin yana numfashi, yana tafiya, yana ɗaukar kayansa, zangarniyar wani ce kawai ba zai kai wa baki ba. Da an sauke kaya a gida a kwance masa, a zuba masa harawa. Ban taɓa ganin tsohon nan ya ɗaura wa jakin da yake shirin rabuwa da shi ba, don me zai wahalar da kansa? Haka kuma bai taɓa sa wa jakin maƙwabci ba. Idan na maƙwabci ya yi ɓarna, wurin mai unguwa ake zuwa. (A shekarar korona ma ƙyallen rufe baki da hanci ya samu wannan suna, kowa ya ɗaura wa kansa, ba a kori kowa ba.)

Ke nan takunkumi dabara ce ta hana ci na ɗan lokaci, ga wanda kake son ku ci gaba da tafiya tare. Kora wani abu ne daban, kuma babu wanda ya kori ƙasashen nan. Su da kansu suka sanar da ficewa ranar 28 ga Janairun 2024, aka jira shekara guda kamar yadda yarjejeniyar ƙungiyar ta tanada, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ƙasashe 15 suka koma 12. Dakatarwa ita ma daban take: a hana ka kujera a wurin yanke shawara alhali kana nan a matsayin ɗan gida, kamar yadda yake a sashe na 45 na yarjejeniyar dimokuraɗiyya da aka sa wa hannu a Dakar a 2001. Abin da ya cancanci sunan takunkumi shi ne rufe iyakokin ƙasa da na sama, tsayar da ciniki da hada-hadar kuɗi, riƙe kadarorin Nijar da ke manyan bankunan yankin, da yanke wutar da Najeriya ke tura mata, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. An janye waɗannan ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma har yau a rediyo ana magana kamar suna nan daram.

Ruɗanin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kuwa daga cikin gida ya zo. 'Yar ƙanwata, da ke ajin ƙarshe a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, ta kawo mini rubutun kammala karatunta in duba mata. Take: manufofin harkokin waje na ECOWAS. Babi uku cur a kan takunkumin Nijar.

Na ce, "A 2023 Nijar waje ce ko ciki?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kawu, ai haka kowa ke rubutawa."

To kowa ya sake dubawa. Lokacin da Tarayyar Turai ta sa wa Rasha takunkumi a 2022, wannan siyasar waje ce, domin Rasha ba 'yar ƙungiya ba ce, kuma sai duk ƙasashe 27 sun amince ake zartarwa. Nijar kuwa tana cikin waɗanda suka kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayun 1975. Abin da aka yi mata horon cikin gida ne, mai jaki da jakinsa, ko da yake ita Nijar ba za ta yarda da wannan kwatance ba, ni ma in ni ne ita ba zan yarda ba. Mai neman ainihin siyasar wajen ECOWAS sai ya duba harajin bai-ɗaya da ta ɗora wa kayan da ke shigowa yankin tun 2015, ko yarjejeniyar ciniki da Turai wadda Najeriya ta ƙi sa wa hannu. Abin dariya, sai yanzu da ƙasashen uku suka koma ƙarƙashin AES, ƙawancensu na ƙasashen Sahel, ne mu'amala da su ta zama harkar waje ta gaske, kuma yanzu ne babu bakin da za a ɗaura wa komai.

Ni dai ban ga abin da takunkumin ya hana ci ba. An ba da wa'adin kwana bakwai a mayar da hamɓararren shugaba Bazoum, wa'adi ya wuce, Janar Tchiani da ya ƙwace mulki yana kan kujerarsa. Waɗanda igiyar ta shaƙe su ne direbobin da motocinsu suka yi layi a Jibiya da Illela da Maigatari, da majinyata a Maraɗi, da dangin da iyaka ta raba, uwa a Ƙonni 'ya a Sakkwato. Kakana idan ya ga jaki ya fara huci yakan tsaya ya sassauta igiya. Wannan kuwa sai da ya yi wata bakwai, har Janar Gowon, wanda da hannunsa aka kafa ƙungiyar, ya fito yana roƙon a kwance.

Mai shayin namu mutumin Tawa ne, a Nijar. Da ya ga ina faɗa da rediyo sai ya miƙa hannu ya rage murya, ya ce, "Malam, lokacin nan wata biyar ban iya aika wa tsohuwa ko sisi ba, sai da na samu mai babur da ke bi ta daji." Ya ƙara mini ruwan zafi, ya juya wajen mai neman ƙwai biyu da burodi.